Yadda na rubuta likitar Tudun Kalgo tana aiki

Kowa ya ɗauka aikin nan danna maɓalli ne. Haka ƙannena ƴan makaranta suke cewa in sun gan ni da tablet a jaka. Wai Rakiya ta huta, ana ɗaukar ta a moto a kai ta ƙauye, ta tsaya gaban likita, wato asibiti, ta danna, a ce ta yi aiki. Har wata ta ce mini ita ma da ta samu birbe, takardar gama koleji, za ta shigo, don ta ji ba komai a ciki sai yawo. To ku saurara, tunda bakinku ba ya gajiya. Dannawar, ko akuya ce ta taka tablet za ta iya. Aikin shi ne ka san a kan me kake dannawa. Ni na yi shekara guda cur a cikinsa ban san haka ba, kuma ba ni ce na ɗauki nauyin jahilcin nawa ba, wasu ne.

Abin da ake so a wurinmu ba shi da wuyar faɗi. Duk inda ake duba marasa lafiya a ƙasar Madawa da Buza da Keita, daga babbar likita mai majo, wato babban ma'aikacin jinya, har ƴar ƙaramar da ake kira kaz, mai ɗaki biyu da ma'aikaci ɗaya, a je a tsaya a ƙofarta a ɗauki wurin da GPS. Wurin ya zama ɗigo a taswira. Sai a cika fish, wato takardar tambayoyi, a cikin tablet: sunanta, tana aiki ko ba ta aiki, akwai ruwa, akwai firigon ajiye allurar rigakafi, akwai gadon haihuwa. Ni daga aji na biyu na lise, babbar sakandare, na fito, gida ba hali, aka ce ana neman masu jin faransanci da suka san ƙauyuka. Kwana huɗu aka yi mana horo a wani ɗaki mai fanka, aka ce mun iya.

Aikina na farko wata babbar likita ce a wajen Madawa. Rana ta take, na hangi inuwar iccen bedi a tsakar wurin, na je na tsaya ƙarƙashinta na danna. Baba Assumana, wanda aka haɗa ni da shi, yana zaune bisa motonsa mai ƙafa biyu yana kallona. Tsohon mai allurar rigakafi ne da ya ajiye aiki, ba ƙauyen Adar da bai taka ba, shi ya sa aka ɗauke shi ya riƙa kai mu. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, bedin ne ka duba marasa lahiya?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi ya sa kika sa shi cikin taswira?" Ya kora ni rana, bakin ƙofa sosai. A wurinsa na koyi cewa ba a danna da isowa. Akwai lambar da ke nuna yawan kuskuren na'urar, sai ka tsaya kamar gunki har ta sauko ta yi ƙanƙanta, ko da gumi na shiga maka ido. Ba a tsayawa ƙarƙashin kwano ko jikin bango. In zafi ya yi yawa tablet takan suma, sai a naɗe ta cikin ɗankwali a sa a inuwa ta farfaɗo. Rezo kuwa, layin sadarwa, a kwari babu shi, sai an hau fako, wani lokaci ka ga mutum tsaye bisa dutse hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Kuma komai na rubuta a tablet sai na sake rubuta shi a kaye, littafina na takarda, don na'ura ba ta da alkawari.

Wannan duk ana koyonsa cikin sati. Abin da Baba ya yi ta faɗa mini ina jin sa kamar zancen tsofaffi shi ne wai likita mai rai ba ta da tsabta irin ta masallaci. Ya ce kafin in tambayi kowa komai in duba ƙasa. Inda ake zuwa, akwai kashin jaki wajen da ake ɗaure amalanke. Akwai ledar magani da iska ta manna a shinge. Ramin da ake ƙona allurai yana da sabuwar toka. Bencin jira ya yi sulɓi don zama, kuma ba a rasa wata mai ƙosai ko mai fura a kusa, don mai sana'a ba ta zama inda ba mutane. Ni kuwa na duba fish ɗina, ban ga gidan da aka ware wa kashin jaki ba, sai na bar shi da zancensa.

Tudun Kalgo ba shi ne sunan garin ba, ni na sa masa, don mutanensa sun sha isasshen abin kunya ba sai na ƙara musu ba. Yana can bayan Karofane, bisa tudu, hanyarsa duk tsakuwa ce mai kaifi, kuma sai an ƙetare wata ƙorama da ke bushe ƙayau da rani. Ranar da muka nufe shi da bazara ne, tayar baya ta fashe a gindin tudun. Baba ya zauna faci, ni kuma na ce ba zan ɓata yini ba, na hau da ƙafa.

Kun san baƙo ba ya shiga gari ya wuce mai gari. Aka kai ni zaurensa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka kawo fura. Dattijo ne dogo, mai magana a hankali. Da na faɗi abin da ya kawo ni, bai aiki kowa ba, shi da kansa ya tashi ya raka ni, dattawa uku na biye. Na ji daɗin wannan girmamawa, ban ɓoye ba.

Ban taɓa ganin kaz mai kyan wannan ba. An shafe bango da farar ƙasa. An jera duwatsu a gefen hanya, su ma an shafe su. Tsakar wurin shararre, har sawun tsintsiya na nan bai ɓace ba. Pano, farantin wutar rana, bisa rufi yana ƙyalli. Ƙofa a kulle. Na ce ina ma'aikacin?

Mai gari ya ce, "Lokotoro ya tahi Buza ɗauko magani. Gobe ko jibi shina dawowa."

Na ce kwana nawa yake aiki a sati? Wani dattijo ya ce, "Kullum, madam. Sai Juma'a da rana." Na leƙa ta taga, na hangi firigo a kusurwa, ƴar fitilarsa kore tana ci. Me ya rage? Na tsaya bakin ƙofa, na jira lamba ta sauko, na danna. Ɗigon nan ba shi da aibi ko kaɗan, har yau ina iya rantsuwa a kansa. Sai na zo gidan tambaya, tana aiki ko ba ta aiki, na zaɓi tana aiki. Har a wurin ƙarin bayani na rubuta cewa tana da tsabta ƙwarai. Da yake bisa tudu ne akwai rezo, nan take na aika.

Da na sauko Baba ya gama faci. Ya ce, "Kin ga lokotoron?" Na ce ya je Buza. Ya ce, "Kin ga kashin jaki?" Na ce, "Baba, ni ba kashi aka aiko ni ƙirgawa ba." Ya ce na aika? Na ce tun ɗazu. Ya dube ni, ya dubi tudun, ya tada moto. Akwai likita biyu da suka rage mana a ranar.

Yanzu bari in gaya muku inda ɗigo ke zuwa, don a nan ne kuke zaton aiki ya ƙare. Daga tablet ɗina ya tafi biro, ofishinmu na Tawa, a haɗa shi da na sauran, a ɗora a intanet inda kowa zai iya saukewa kyauta. Ba sai ka san wani ba, ba sai ka rubuta takardar roƙo ba. Wannan abu ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Masu rabon gidan sauro suna saukewa, masu tsara rigakafi suna saukewa, ɗalibai suna saukewa. Amma gaskiya da ƙarya mota ɗaya suke shiga. Abin da na rubuta a tsaye cikin minti biyu, kafin wata ya ƙare yana cikin kwamfutar mutanen da ba su taɓa jin sunan Karofane ba, kuma ba mai tambayar wace ce ta rubuta, ta shiga ciki ko ta taga ta leƙa.

Cikin masu saukewa akwai waɗanda ke tsara likita mai yawo ta damina, wato kat-kat ɗin da ke ɗaukar ma'aikata da magani yana bi ƙauye ƙauye lokacin masassara. Motocin ba su da yawa, ba za su je ko'ina ba. Sai su buɗe taswira, su zana da'ira kewaye da kowace likita mai aiki. Garin da ya faɗo cikin da'ira an ce yana da inda zai je. Wanda ke waje, shi ake aika wa mota. Tudun Kalgo da duk tungayen da ke kewaye da shi suka faɗa cikin da'irar da ni na buɗe musu.

Daminar nan ta yi ruwa sosai, sauro ya biyo baya. Cikin watan da gero ke fitar da kai aka aike ni wata babbar likita a yankin, in duba ko gadajen da ke cikin lissafinmu suna nan. Wuri cike, har bisa tabarmi a waje. Ina tsaye kusa da majo sai ga amalanken jaki ya shigo, laka har gindin taya. Wata tsohuwa ta sauko, zanenta jiƙe zuwa gwiwa, da mata biyu, da yara uku kwance jikinsu kamar garwashi. Majo ya ce daga ina? Tsohuwar ta ce Tudun Kalgo. Ni da shegen bakina na ce, "Ku da kuke da likita a gida, me ya kawo ku nan?"

Ta juyo ta ƙare mini kallo. "Ke ce madam mai waya da ta zaka da bazara." Na ce ni ce. Ta ce, "Damina ukku ke nan ba mu da lokotoro." Majo ya ce tun yaushe yaran ke kwance? Ta ce kwana biyu suka yi a bakin ƙorama suna jiran ruwa ya janye. Majo ya ce su uku ne? Ta ce, "Huɗu munka ɗauko." Ta sunkuya ta ɗauki ƙaramin ta shige.

Sunanta Inna Kuluwa, ita ce ungozomar garin. Wannan daga baya na sani.

Ba zan ce da motar ta je da yaron bai mutu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne motar ba ta je ba, kuma na san dalili, don da hannuna na rubuta shi.

Da kaka, da hanya ta bushe, na ce wa Baba mu koma. Ba a aike mu ba, ranar hutunmu ce. A hanya yana ta ja mini kunne in bar shi ya yi magana. Muka shiga zaure, aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi amfanin gona. Ban bari an kawo fura ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, lokotoro ya dawo daga Buza?"

Baba ya taka mini ƙafa. Wani dattijo ya ce, "Wagga yarinya ba a koya mata magana ba?" Na ce an koya mini, kuma da ita na yi amfani wancan zuwan, ga abin da ta haifar. Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Ɗiyata, kin san garin da ke bayan dutsin can? Su ma suna da irin tamu. Lokotoronsu ya tahi, baƙi sunka zo da takarda awa ke, sunka tambaye su, sunka hwaɗi gaskiya. Wata bai kai biyu ba mota ta zo ta kwashe firigo da gado da pano. Je ki gani yanzu, awaki ka kwana ciki." Ya ce tasu likitar ba daga sama ta faɗo ba. Siminti da kwano aka kawo musu, amma duwatsun ginin matan garin ne suka ɗauko su bisa kai daga gindin tudu, ɗaya bayan ɗaya, da rani. Ma'aikacin ya yi shekaru da su, kwangilarsa ta ƙare, ya tafi ci-rani kamar kowa. Aka ce za a aiko wani. Sai suka zauna suka yi shawara: su riƙe wurin kamar mai shi yana nan, a share, a shafe, a goge pano, duk baƙon da ya tambaya a ce masa ya fita. In sabon ya zo ya tarar da komai a wurinsa. "Baƙo ba ya ganin tsiraicin gari," in ji shi. "Haka munka gada."

Na ce a ba ni kara. Na fita ƙofar zaure, suka biyo ni, na zana musu a ƙasa. Ga ɗigo, ga likitarku. Ga da'ira. Ga ku a ciki, ga tungayenku. Na ce duk wanda ke cikin nan ba a aiko masa mota da damina, don an ce yana da lokotoro. Kuma in an tashi raba sababbin ma'aikata, inda aka rubuta babu ake fara dubawa. Na ce sharar nan da kuke yi, ita ce ke korar wanda kuke jira.

Mai gari ya tsugunna ya daɗe a kan zanen. Ya ce, "Wa ke zana wanga abu?" Na ce mutane a biro. Ya ce, "Bisa maganar da na hwaɗa miki?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To mi ya hana ki gaya mini sa'ad da kike tambaya?"

Nan ne haushina yake har gobe. Ni kaina a lokacin ban sani ba. Kwana huɗun da aka yi ana koya mana, an nuna mana yadda ake caji, yadda ake aikawa, yadda ake gaida hukuma. Ba wanda ya ce mana ga abin da amsa ke jawowa. Ana ta alfahari wai bayanan nan a buɗe suke ga kowa a duniya. Mutumin da ke wata ƙasa yana iya ganin ɗigon Tudun Kalgo yana shan shayinsa, amma mai garin Tudun Kalgo bai taɓa ganinsa ba, bai ma san akwai shi ba. Ana zuwa ana tambayarsu kamar ana gaisuwa, su amsa kamar ana gaisuwa, lafiya lau, sai alheri, sai a ɗauki amsar a yanke musu hukunci da ita. Sa'an nan a zauna a ce mutanen ƙauye ba su faɗin gaskiya.

Na ce ina so in shiga cikin likitar in ɗauki hoto, don biro ba za su canza abin da aka riga aka aika ba sai da shaida. Dattawa suka rabu biyu, murya ta fara tashi. Wani ya ce in an rubuta ta mutu, ta mutu ke nan. Ana cikin haka sai ga Inna Kuluwa, ashe tana jin komai daga bayan danga. Makullin a wuyanta yake, ɗaure da zare. Ta ce, "Mai gari, ni ka share ta kullum, ni kuma na tsaya bakin ƙorama. Ku ci gaba da shawara, ni na tahi buɗewa." Ba wanda ya tare ta.

Ciki ya fi waje tsabta. Gadon haihuwa a lulluɓe da zane. Sikeli a rataye. Rajista bisa tebur, na buɗe, layin ƙarshe da aka rubuta tawadarsa har ta koɗe, bayansa farar takarda ce har bango. Na buɗe firigo, sanyi ya bugo ni, ba komai a ciki, ko ƙwayar allura. Na ce, "Inna, duk zafin nan ko ruwa ba ku sa ba?" Ta ce, "Na likita ne. In sun zo sunka iske ruwanmu ciki, su ce ba mu san darajarshi ba."

Na ɗauki hoton rajista, na ɗauki na firigo, na fito bakin ƙofa. Mai gari ya iso. Ya ce, "In kin rubuta, kin lamunce mini ba a ɗaukar firigon?" Baba ya yi sauri ya ce in sha Allahu ba abin da zai faru. Na ce, "Ranka shi daɗe, ban lamunce ba. Ba ni da wannan ikon. Mai yiwuwa ne a ɗauka. Abin da na sani kawai, in ban rubuta ba motar ba za ta zo ba." Ya dubi Kuluwa, ya dubi ginin. Ya ce, "Rubuta."

Gyara a biro ba shi da wuya, shef, shugabanmu, ya duba hotuna ya canza cikin minti ɗaya, har ya yaba mini wai ina da himma. Na ce to waɗanda suka riga suka sauke tsohon fa? Ya ce wannan ba ruwanmu, sabon yana nan, mai so ya sauke. Na nemi masu tsara motar damina, sai na tarar da tsohon lissafi suke aiki, wanda suka sauke tun bazara, ba su da niyyar sakewa. Sai da na buga hotunan a takarda na kai musu da ƙafata, na zauna bisa benci rabin yini, kafin wata mata ta buɗe kwamfutarta ta goge da'irar a gabana. Sauran da suka sauke, Allah kaɗai ya san adadinsu. Ƙaryata tana nan tana yawo a wuraren da ba zan taɓa kaiwa ba.

Na kuma ce wa shef fish ɗin nan gurguwa ce. Gida biyu kawai, tana aiki, ba ta aiki. Ina gidan likitar da ke tsaye da kayanta cif, mutane na gadinta, ma'aikaci kawai ta rasa? Ita da kangon da awaki ke kwana ciki yanzu launinsu ɗaya a taswira. Ya ce fish daga sama take zuwa, in rubuta a wurin ƙarin bayani. Na ce wa ke karanta ƙarin bayani? Ya yi dariya.

Daminar da ta biyo, kat-kat ya hau Tudun Kalgo, ba sau ɗaya ba. A cikin kaz ɗin ma suka riƙa sauka suna duba yara, Inna Kuluwa na tsara layi. Kafin a yanke gero kuma wata motar ta zo da takarda, ta ɗauki firigo da pano ta kai wata likitar da ke da ma'aikaci amma nata firigon ya lalace. In don lissafi ne ba zan ce sun yi kuskure ba, allura na buƙatar sanyi a inda ake yin ta. Amma ba wanda ya tsaya ya yi wa mutanen garin bayani, aka nuna wa mai gari inda zai dangwala yatsa, shi ke nan. Na haɗu da Inna Kuluwa a kasuwa bayan haka. Ba ta zage ni ba, da ta zaga ma da ya fi. Ta ce, "Madam, kin yi gaskiya, mai gari ma ya yi gaskiya. Yanzu dai na huta da goge pano."

Tun daga nan na buɗe kaye na bi duk ɗigon da na ɗora a shekarar farko, na ware waɗanda ban ga ma'aikaci da idona ba. Na koma musu ɗaya ɗaya duk sa'ad da hanya ta bi da ni. Yawancinsu lafiya lau ne, mutumin da gaske ya fita. Biyu kuwa irin ta Tudun Kalgo ce, shararru tas. Yanzu kafin in buɗe tablet a kowane gari sai na yi zanen nan a ƙasa tukuna, in faɗi abin da za su iya samu da abin da za su iya rasawa, sa'an nan in tambaya. Yana cin lokaci. Inda abokan aikina ke yin likita shida a yini, ni uku nake yi, kuma an sha yi mini magana a kai. Ke da kike jiran birbe ki shigo yawo, wannan shi ne aikin. In ba za ki iya tsayawa gaban dattijo sa'an kakanki ki gaya masa abin da ba ya son ji ba, nemi wata sana'ar.

Har yau Tudun Kalgo ba ma'aikaci. Motar damina agaji ce, ba ta zuwa da rani, kuma haihuwa ba ta jiran damina. Na ji cewa ranar Laraba mai zuwa za a zauna taron da ake duba inda za a tura sababbin ma'aikatan da aka samu. Tunda an ce taswirar ta kowa ce, na sauke ta kamar kowa, na buga yankin a babbar takarda, ga garin, ga tungayensa, ga ƙorama, ga nisan likita mafi kusa. Na kai wa mai gari ya riƙe ta a hannunsa, na nuna masa yadda ake karantawa har ya iya nuna garinsa ba tare da ni ba. Shi zai yi magana, ba ni ba. Shef ya ce masu ɗaukar ɗigo ba su da kujera a wannan taron, kuma in na je da sunan aiki in kuka da kaina. Na ce ba da sunan aiki zan je ba, kuma tsayuwa ba baƙuwata ba ce.

Baba Assumana zai ɗauko mai gari. Inna Kuluwa ta ce ita ma sai ta je, amma ba ta hawa moto bayan namijin da ba nata ba, ko da sa'an ubanta ne. Don haka na ari moton yayana, kwana uku ke nan ina koyon hawan tsakuwa da buhun gero ɗaure a baya. Sau biyu na faɗi. Ranar Laraba da hantsi ni zan hau tudun in ɗauko ta.